Neman Jaye a Kan Moto

Cadakori, 17 ga Safar 1380

Zuwa ga maiɗakina Batulu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara, da Inno da jikinta. Allah ya ƙara mata sauƙi. Ina gaida Ɗanmalam da zai karanta miki takardar nan, ina kuma roƙonsa ya karanta duka, kada ya tsallake inda bai yi wa rawaninsa daɗi ba.

Na iso Cadakori jiya da la'asar. Daga Gazawa zuwa Agye hanya ba laifi, amma bayan Sae Sabuwa ruwa ya cinye ta. Sau uku ina sauka ina tura moto cikin laka, wandon da kika wanke mini ba za ki gane shi ba.

Na san ranki bai so tafiyar nan ba. Kin ce gero na jiran maimai, kin ce yawo nake so na fake da Inno. Yawon kam ina sonsa, ban musa ba. Amma bari in maimaita abin da kika sani, ko don Ɗanmalam da yake baƙo a garinmu. Uwata ta rasu ina da kwana arba'in. Inno, Bafillatanar da rugarsu ke bayan gari, ita ta ɗora ni a cinya ɗaya, ɗanta Jaye a ɗayar. Nono ɗaya muka sha. Da Jaye zai hau arewa da shanu farkon damina, a gidanmu ya bar ta amana don ƙafarta ba ta tafiya. Yanzu ta daina cin tuwo, ba ta da magana sai a kira mata ɗanta. Wa zan aika? Raƙumi wata guda zai yi. Ni kuwa ga moto, wato babur ɗin da Mushe, Baturen kantin gyaɗa, ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Kowa na ta zancen mulkin kai, ni dai nawa rabon ke nan, kuma zan more shi.

Na ɗaure bido biyu na esansi, wato jarka biyu ta man fetur, da salka, da tampol, da gumbar da kika yi. An ce mini Fulanin wajenmu sun wuce Dakoro, suna kwarin Tarka. Kwana huɗu in same shi, kwana uku in kawo shi.

Da zan fito Inno ta riƙe mini hannu, ta ce in bar ƙarfen nan a gida, mutanensu ba sa tsayawa jiransa. Zafin jiki ne ke sa ta magana. Ki riƙa dama mata fura da ruwa-ruwa, ki ce mata Jaye na hanya.

Ki gaida kowa.
Naki, Dalhatu

Bakin wani tabki, arewa da Dakoro, 25 ga Safar

Batulu,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Yaya Inno? Tambayar da nake kwana da ita ke nan, ba kuma mai ba ni amsa. Wasu Buzaye da za su kasuwar Dakoro za su miƙa takardar nan ga direban kamyo, babbar motar kaya.

Na ce miki kwana huɗu, ga shi yau takwas. Ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Ba gona, ba gari, ciyawa ce kawai kore shar har inda ido ya tsaya, sai aduwa jefi-jefi. Na ga bareyi garke guda, na ga jimina ta yi tsere da ni ta kuma bar ni. In rana ta yi ƙasa sai in ɗaure tampol a kan moto, ɗaya gefen in danne da turaku, in hura wuta in dafa shayi. Shekaranjiya hadari ya kwashe tampol ɗin, na bi shi da gudu ba takalmi cikin ƙarangiya. Da kin gani da kin yi dariyar da za ta ishe ki har kaka. Ƙaya ta huda mini taya sau biyar, faci ya kusa ƙarewa.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne sau huɗu ina isa rugarsu ina tarar da ba kowa. Kashin shanu ɗanye, turakun maruƙa a kafe, in sa hannu a murhu in ji toka da ɗumi. A wuri na uku har ƙwarya na tsinta da sauran nono a ciki, da zanen gidan su Jaye a bakinta. Na ƙara wuta na bi sawu, sai sawun ya rabu uku. Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke yi mini daɗi. Har na fara zargin ko Jaye ya ji labari ne yake gudun ɗawainiya, Allah ya yafe mini.

Yau da hantsi na iso tabkin nan, na samu wani tsoho gurgu, Jika, zaune da awakinsa. Shi kaɗai ne bai gudu ba, ya ce don ba shi da ƙafar gudu ne. Ya dube ni, ya dubi rigar kakin da na gada wajen Mushe, ya tambaye ni shanu nawa aka aiko ni in ƙirga. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya ce a dajin nan ba a taɓa jin ƙarar inji ba sai in masu jangali ne ko dogaran kumandan. Tun daga nisan rabin yini ake jina. Labari ya bazu cewa sabuwar gwamnati ta aiko mai ƙirga shanu a kan doki na ƙarfe, kowa ya kwashe ya yi gaba.

Batulu, ni nake korar su. Kwana shida ina kora Jaye nesa da uwarsa, ina yaba wa kaina sauri. Inno ta gaya mini da bakinta, na ce zazzaɓi ne. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Ba zan juyo ba. Na tura moto ƙarƙashin aduwa na rufe da tampol, na tuɓe kakin. Jika ya ara mini sanda da malfa, ya nuna mini inda sawun Jaye ya bi. Gobe da asuba zan taka da ƙafa kamar kowa. Ki ce wa Inno ta ƙara haƙuri kaɗan, ɗanta na Hausa ne ya yi wauta.

Naki, Dalhatu

Dakoro, 28 ga Safar

Batulu,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. A tashar kamyo nake rubutu, a kan gwiwa, direba na ɗaure kaya, don haka Ɗanmalam ya yi haƙuri da hannuna.

Na same shi. Abin da moto ya kasa a kwana shida, ƙafa ta yi shi daga asuba zuwa la'asar. Na hango shanu a wani kwari, na yi sallama daga nesa, ba wanda ya motsa. Jaye na tsaye da sanda a kafaɗa. Ya rame. Ya gane ni tun kafin in cire malfa, ya kuma gane ba lafiya ba, don ya san ba na taka ƙasa in da abin hawa. Na gaya masa. Kin san Bafillace, bai yi kuka ba, bai ma ambaci sunanta ba. Ya juya yana kallon shanu, ya tambaye ni ko an yi ruwa a Gazawa.

Da na ce masa ni ne mai ƙirgar da suke gudu, na so ya zage ni. Bai zage ni ba, ya dai nuna mini abin da na jawo. Saboda tsoron ƙirga 'yan'uwansa sun rarrabu, kowa ya ja garkensa wata nahiya, ba wanda ya san inda wani yake. Ya rage daga shi sai matarsa Shatu da tsohon ciki. Shanu sun bar ciyawa mai kyau sun sha tafiya, maruƙa biyu sun mutu a hanya. Ya ce in ya tafi wa zai bar wa? Rabin garken ma ba nasa ba ne, amanar mutane ce. Ya ce in koma in ce wa Inno ta yafe masa.

Na ce masa ban ci ƙaya kwana tara don in koma da saƙo ba. Shi ya riƙe amanar mutane, ni ma ya ba ni tasa, kuma ni na tarwatsa masa masu taimako. Don haka ni zan zauna da shanun. Nan ne ya yi dariya, ya ce ko akuya ban taɓa kiwo ba. Na ce nonon da ya sha shi na sha, ba zai yiwu a ce duk a cikinsa ya zauna ba.

Jiya muka koro garken zuwa tabkin Jika, tsohon ya yarda ya sa ido tare da Shatu har in dawo. Yau na goyo Jaye zuwa nan don ya hau kamyo zuwa gida. Tun da muka tashi idonsa a rufe, ya riƙe ni har haƙarƙarina na ciwo. Esansin da ya rage ba zai kai mu Gazawa ba ko da na so, amma zai mai da ni kusa da tabkin. Tun daga nesa zan kashe inji in tura, na koyi wannan.

Ban san ranar dawowata ba. In Jaye ya komo da wuri, to. In bai komo ba, sai shanu sun gangaro kudu bayan girbi, ki gan ni a bayansu da sanda. Ki roƙi ƙanena Alhassan ya kama miki maimai. Na san na bar ki da nauyi, na san kuma kin fi ni gaskiya a rabin abin da kika faɗa. Ina kewarki ƙwarai, Ɗanmalam ya karanta wannan ma.

Ban sani ba ko na makara. Ina roƙon Allah ya sa ban makara ba. Wanda ya miƙo miki takardar nan Jaye ne. Kunya ba za ta bar shi ya tambaye ki uwarsa ba, zai tsaya a zaure yana gaishe-gaishe har rana ta faɗi in an ƙyale shi. Na so in sa wannan a farkon takarda, sai yanzu na tuna. In har kun kawo nan yana tsaye, Ɗanmalam ya ajiye karatu, ki kama hanya ki shigar da shi wurinta.

Naki har kullum,
Dalhatu