Shafin Hotunan Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ɗan ƙaramin, haƙoran sun gama fitowa? Mu nan sai godiya. Baba yana ci yana sha, sai dai mantuwar nan kullum gaba take yi. Jiya ya tambaye ni ko Mama ta dawo daga kasuwa. Na kasa sake gaya masa ta rasu, na ce tana hanya, na shige kicin na sha kukana.

Yaya, abin da na daɗe ina ba ki labari ya kusa tabbata. Na gama ɗora hotunan da Baba ya ɗauka a tsohon shagonsa na ɗaukar hoto a shafin intanet. Kin tuna kwalayen da ke ƙarƙashin gadonsa, waɗanda kika ce a ƙona saboda kyankyasai? To, su ne. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na kwafe su da na'urar wurin aikinmu. Akwai 'yan makaranta, akwai direbobi jingine da motocinsu, har da wata mata da ta rungume rediyo kamar jariri. Duk wanda ya shiga shafin zai iya neman iyayensa ko kakanninsa, ya sauke hoton kyauta, ya rubuta sunan wanda ya gane.

Na sa ranar buɗewa a ƙarshen wata mai zuwa, a zauren laburare. So nake a yi tun Baba yana iya gane aikin hannunsa. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce duk abin da nake so in yi da shi, kada in ja lokaci. Don Allah ki zo, ko na yini ɗaya ne.

Ki gaishe mini da kowa.
Taki, Auta.

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya ɗawainiyar yara? Na ga saƙonki na waya, cewa yara suna jarrabawa amma za ki gani. Na san "za ki gani" ɗinki tun muna ƙanana, amma ban fid da rai ba.

Talla kam na yi ta har ƙafata ta kumbura. Na buga takardu da adireshin shafin da manyan baƙaƙe, na manna a tasha da bakin asibiti da shagon aski. Mai askin ya karɓa da fara'a, da na dawo washegari sai na tarar yana goge reza da ita. Dariya na yi, me zan ce? Na tura sanarwa a duk zaurukan hira na waya da nake ciki, mutane suka yi ta turo hoton tafi, amma da na duba, waɗanda suka leƙa shafin ba su cika tafin hannu ba. A gidan rediyo ma an ba ni ɗan lokaci, amma na faɗi adireshin ba daidai ba, sai mai shirin ne ya gyara mini.

Akwai kuma matsalar nauyi. Hotunan ba sa buɗewa da wuri a ƙananan wayoyi, don haka na zauna na rage girmansu gaba ɗaya. Ranar da na gama, na gwada a tsohuwar wayar Baba, hoton ya fito tar kafin ƙiftawar ido. Na yi tsalle, na juya in nuna wa wani. Baba yana gyangyaɗi a kujera, agogon bango yana ta aikinsa. Sai na koma na zauna.

Ba ƙorafi nake ba, Yaya. Kawai gidan nan ya yi mini girma. Na wanke labulen ɗakinki, na shanya katifar.

Autarki.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba yara sa'a. Kada ki damu da rashin zuwanki, na fahimta, ko dai ina ƙoƙarin fahimta.

An yi taron buɗe shafin. Na jera kujeru har bakin ƙofa, na haɗa majigi, na sa wa Baba farar rigarsa. Muka yi ta jira, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Waɗanda suka zo su ne ma'aikaciyar laburaren, da abokan aikina biyu, da wani tsohon direba da ya ji ni a rediyo. Na bar jawabin da na haddace. Na danna maɓalli kawai, hotuna suka fara wucewa a bango.

Direban nan ya miƙe tsaye da ya ga wani saurayi jingine da babbar mota. Ya ce ƙaninsa ne, ya rasu da daɗewa, kuma ba su da hotonsa ko ɗaya a gida. Ya riƙe hannun Baba yana ta godiya, hawaye na bin gemunsa. Baba bai san me ake yi ba, amma idonsa yana bangon. Can sai na ji ya ce wa saurayin cikin hoton, da tsohuwar muryarsa ta shago, "Ɗaga haɓa kaɗan. Yauwa, kada ka motsa." Rabon da in ji wannan muryar har na manta.

Da aka watse ina naɗe wayoyin majigi, Baba ya kira ni da hannu. Ya nuna mini kujerar da ke kusa da taga, ya ce hasken wurin ya fi kyau. Na miƙa masa wayata, na nuna masa inda zai taɓa. Ya gyara mini kafaɗa, ya ja da baya, ya ɗauka. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Sannan ya ce, "'Yan mata, wane suna za a rubuta a ambulan ɗin hoton?"

Na faɗa masa sunana na yanka.

Ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah, ina da 'ya mai wannan sunan. Yarinyar kirki ce, sai dai ba ta da abokin hira. In kin gan ta, ki zauna da ita."

Na ce masa zan zauna.

Hoton ya yi kyau, Yaya, duk da idona ya yi ja. Na ɗora shi a ƙarshen shafin. Idan kin samu sarari ki shiga ki gani, ki rubuta sunana a ƙasa, don ban so in rubuta da kaina.

Ki shafa mini kan yara.
Ƙanwarki mai kewarki, Auta.