Idon da na murza

Zuwa ga maigidana, Baban Halima,

Sallama da gaisuwa. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko inda aka rufe ka ban sani ba. Amma maganar tana ci na, dole in amayar da ita.

Muna garin Abu Na'ama, gidan ƙanwarka. Halima lafiya lau. Gidanmu na garin Hajj Abdalla kuwa, an ce 'yan bindiga har ƙofofi sun ɓalle, sun cinna wa rumbun dawa wuta. Allah ya isa.

Ciwona yana nan. Ka tuna abin da likitar garin Madani ta ce, jikina ya ɗauki jinina abokin gaba, yana farfasa shi. Ta ce in sha ƙwayoyina, in yi tafiya kullum, kada dai in wuce ƙarfina. Kai kuma ka naɗa kanka alƙali. Kowace safiya sai ka ja fatar idona da babban yatsa. In cikin ja ne, in bi ka hawasha, gonarmu ta bakin tur'a, magudanar ban-ruwa. In fari ne, in zaga tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Na tsani wannan ɗaurin, ka sani?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ran nan idona fari ne fat. Na murza shi da bakin mayafi har ya yi ja, sannan na kawo maka. Ka duba, ka yi murmushi, ka miƙo mini fartanya.

Hantsi ya dubi ludayi muka ji baburan 'yan bindiga. Kowa ya ruga. Kai har ka tsallake tur'a, ka shige cikin dawa, na ga bayanka. Ni taku kaɗan na yi, zuciyata ta hau dukan ƙirji, ƙafafu suka ƙi, na kife. Me ya dawo da kai? Wa ya aike ka? Ka saɓa ni a kafaɗa, harsashi ya shiga wuyanka, muka zube tare. Jininka ya wanke mini fuska, da zafinsa, ya cika mini baki. Ni da muka yi kwanaki a asibiti ana neman ledar jini ɗaya da jikina zai karɓa, ga shi ƙasa tana sha a banza! Ɗaya daga cikin 'yan bindigar ya juya ni da takalmi, ya ga na ɗashe, ya ɗauka ciwo mai yaɗuwa ne, ya tofa mini yawu suka wuce. Ciwon da ya ja aka kashe ka, shi ya bar ni da rai.

Da ƙafa muka taho da Halima. Ina faɗuwa, ina tashi, ina tsine musu, ina tsine wa kaina. Tafiyar da ka sa ni kullum ce ta kawo mu.

Ka yafe mini. Da na bar idon yadda yake, da kai kaɗai ka je, da ka tsira.

Ƙwayoyin sun kusa ƙarewa. Yau da safe na ja fatar idona da kaina a madubi. Fari ne, Baban Halima. Ban murza ba. Na zaga tsakar gida.

Allah ya kai haske kabarinka, duk inda yake.

Matarka,
Hajara