Sarƙa da Kwaɗo a Hanyar Kwarin Dunbrae

Garth Pullar,
Temuka.
9 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga:
Babban Jami'in Kula da Hanyoyi,
Majalisar Gundumar Glenarrow.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Kwaɗon da ofishinka ya sa wa ƙofar hanyar Kwarin Dunbrae, da roƙon a buɗe ta kafin dusar ƙanƙara ta sauka

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, sunana Garth Pullar, shekaruna hamsin da takwas, sana'ata kafa shingen waya a gonakin tumaki. Ban yi nisa a makaranta ba, ɗan abin da na sani ni na koya wa kaina, saboda haka ba za ka ga ado a takardar nan ba. Ba na ganin girman mutumin da ya mai da ƙorafi sana'a. Dole ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun bara ni da matata Noeline muke shirin zagaya tsaunuka a motarmu mai ɗaki. Tsohuwar bas ɗin 'yan makaranta ce, da hannuna na cire kujerun na sa gado da murhu da tankin ruwa da makewayi, kuma tana ɗauke da shaidar da doka ta nema cewa ba ma zubar da ƙazanta a daji. Mun tsara mu bi ta tafkuna, mu haye tsauni, mu yada zango a ƙarshen Kwarin Dunbrae, inda tsohon gidan makiyayi yake. A gidan nan aka haifi Noeline. A watan Janairu likitan ido ya gaya mana cewa duhun da ya fara mata a tsakiyar gani ba zai tsaya ba, kada mu ɗora buri a kan bazara mai zuwa. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta nema, a kai ta ta yi 'yan kwanaki a can, ta ga hantsi yana sauka a kan dutsen da take kallo ta tagar mahaifiyarta. In ba a kakar nan ba, to babu.

Ga ƙorafina:

1. Na san abin da ya jawo rufe hanyar, kuma ban raina shi ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar tumaki ya san ƙa'idar ƙofar shinge: yadda ka same ta, haka za ka bar ta. In a rufe take ka rufe, in a buɗe take kada ka taɓa, domin mai gona bai bar ta haka don mantuwa ba. A watan Mayun bara, farkon hunturu a nan wurinmu, da Struan Aitcheson, mai gonar kwarin, ya ga hadari yana haɗuwa, sai ya buɗe ƙofar sama don tumakinsa su gangaro da kansu kafin dusar ƙanƙara. Wani ayarin masu motoci irin tawa, mutanen birni, suka zo fita daga kwarin. Na ƙarshensu ya tsaya ya rufe ƙofar, har ya ɗaure ta da waya, yana ganin ya yi aikin lada. Tumakin suka iso suka tarar da ita a rufe, na baya suka danne na gaba, dusar ƙanƙara ta binne sauran. Na ga wurin da idona da aka kira ni gyaran shingen. Wanda ya yi wannan ba mugu ba ne, jahili ne mai ladabi, kuma a ganina irinsa ya fi mugu ɓarna.

2. Maganin jahilci koyarwa ne. Ofishinka bai kafa ko allo ɗaya mai bayyana ƙa'idar ba. Sai ya amince aka ɗaure ƙofar ƙasa da sarƙa, aka rataya sanarwar cewa motoci masu ɗaki ba sa shiga. Hanyar nan ta jama'a ce, ranka ya daɗe, tana cikin taswirar da ofishinka ya buga. Hukunta kowa saboda laifin mutum ɗaya lalaci ne da aka sa wa rigar doka. Ina faɗin haka cikin ladabi, amma ba zan janye shi ba.

3. Ranar 14 ga Maris na zo ofishinka da kaina. Saurayin da ke teburin karɓar baƙi ya saurare ni yana danna na'ura, sannan ya ce, "Ai baba, wannan tsakaninku ne da mai gonar. In ya yarda, mu ba ruwanmu." Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce, "Ɗari bisa ɗari. A gai da mama." Ban ga laifin gaisuwarsa ba, amma a kan maganarsa na ɗora tafiya.

4. Na kira Struan. Na yi wa mahaifinsa aiki tun shi yana goye, kuma mahaifin Noeline ne ya koya wa Struan ɗin kiran karen kiwo. Ya ce, "Haba Garth, kai ma sai ka tambaya? Ku taho. Amma in ka jawo mini jerin gwanon 'yan birni a bayanka, ni da kai ne." Ranar 23 ga Maris muka ɗora kaya, muka tarar da shi a bakin ƙofa da mabuɗinsa. Ya buɗe kwaɗonsa, sarƙar ba ta motsa ba.

Kamar yadda ka sani, idan mutum biyu suna da iko da ƙofa ɗaya, kwaɗon wannan a jikin kwaɗon wancan ake maƙala shi, su zama kamar zobe biyu a cikin sarƙar, ta yadda kowa zai buɗe da nasa mabuɗin. Ma'aikacin da ka aiko ya tsallake kwaɗon Struan, ya haɗa bakin sarƙar biyu da na majalisa kaɗai. Mai gonar kansa an kulle shi a waje. Bai lura ba sai ranar, domin shi ta cikin gonarsa yake bi da babur mai ƙafa huɗu, ya ratsa rafi. Bas ba ta bin wannan hanya, Noeline kuma ba ta hawa babur tun da aka yi mata aiki a ƙugu.

5. Abin da ya biyo baya zan faɗa maka shi yadda ya faru, don ka san da wa kake magana. A cikin motata akwai almakashin yanke ƙarfe, kayan aikina ne. Struan ya san da shi. Ya ce, "Ɗauko abin nan mu gama, mutumina. Wa zai gani, tumaki? Ni zan ce tsatsa ce ta cinye shi." Na ce masa a'a. A rufe na sami ƙofar, kuma ba ni na rufe ta ba. Na sha korar yaran aiki saboda sun yi wa ƙofar mutane abin da suka ga dama, ba zan zo da furfura in yi abin da na hana ba don kawai yau ni abin ya shafa. Struan ya kira ni da wani suna da ba zan rubuta a takardar hukuma ba.

Noeline ta sauko ta dafa ƙofar, ta karkata kai gefe kamar yadda take yi yanzu in tana son ganin abu. Ta ce, "Tsoho, wancan farin dutsen ne ko gajimare?" Na ce gajimare ne, dutsen sai an sha kwana. Ta ce, "Tun ina budurwa kake wa mutane wa'azin ƙofa, yau ga shi ya ci matarka. Juya motar, shayi ya huce." Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

6. Tun daga ranar na yi ta kiran ofishinka. An ce mai mabuɗin yana hutu. An ce za a tattauna a zaman kwamiti na watan Yuni. A watan Yuni, ranka ya daɗe, ba kwamiti ne zai rufe hanyar ba, dusar ƙanƙara ce. Motar tana nan a tsakar gida da kayanta a ɗaure. Kullum da safe ina tayar da injin, in duba iskar taya, in warware sarƙar da ake ɗaura wa taya don kada ta zame a ƙanƙara in sake naɗe ta, in fita in kalli yamma ko tsaunuka sun fara fari. Na ƙi karɓar aiki don kada kira ya zo ba na nan. Noeline ta mayar da shan shayinta cikin motar, tana zaune a kujerar gaba, tana fuskantar bangon gareji.

Saboda haka ina roƙo, cikin ƙanƙan da kai:

Na ɗaya, a aiko mutum da mabuɗi ya gyara zaman kwaɗon nan, ya maƙala shi a jikin na Struan. Aikin bai kai shan kofin shayi ba, kuma Struan ya ce zai jira shi a ƙofar duk ranar da aka sa.

Na biyu, a cire sanarwar hani, a kafa allo mai gaya wa baƙi su bar ƙofa yadda suka same ta. In ofishinka ya kawo allon, ni zan kafa turakun.

Ina kuma sanar da kai cewa ranar Asabar, 20 ga Afrilu, zan sake tuƙa motar zuwa bakin ƙofar da matata a gefena, kuma a can za mu zauna. Almakashin yana cikin akwatinsa, a can zai ci gaba da zama. In na tarar da ita a buɗe, zan wuce in yi maka godiya. In na tarar da ita a rufe, zan bar ta yadda na same ta, in ci gaba da gaya wa Noeline wanne ne dutse, wanne ne gajimare, har ranar da za ta daina tambaya.

Ka huta lafiya, tare da girmamawa.

Naka mai biyayya ga doka,

Garth Pullar