Katifar da Aka Kawo Mana

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Shirin Karɓar Ɗaliban Ƙasashen Waje
Daga: Mai ba da magani a asibitin unguwa, wanda ya sauki ɗalibarku a gidansa
Kwanan wata: 9 ga Satumba, 2024

Game da: Hoton ɗakin ajiyar gidana da aka nuna a taron bankwana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kokena. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa, domin ni ba mai son tona cikin gidansa ba ne. Ofishinku ya riga ya tona, shi ya sa na rubuto.

1. A watan Mayu jami'inku mai kula da masauki ya zo duba gidana. Ya ce ƙa'ida ita ce ɗaliba ta sami ɗaki ita kaɗai, mai taga da makulli. Ɗaki ɗaya ne ya cika wannan sharaɗi, wato namu ni da maiɗakina. Ba mu yi musu ba. Muka koma ɗakin ajiya, muka shimfiɗa tabarma tsakanin buhuna da tsohon keken ɗinki. Jami'in ya gani da idonsa, ya yaba, ya kuma ja mana kunne kada ɗalibar ta sani, wai kada ta takura. Ko bai faɗa ba, wa zai buɗe baki ya gaya wa baƙo cewa gadonsa ya bar masa?

2. Ba ƙarar ɗalibar nake kawowa ba. Yarinyar kirki ce. Yarana suna kiranta Anti Doguwa, ita kuma Baba take ce mini, a gida da kuma asibiti, inda ta koyi aiki a hannuna tana jera magunguna. Har wanke-wanke take yi sai an ƙwace.

3. Ranar 24 ga Agusta kuka gayyace mu taron bankwana. Maiɗakina ta ɗinka sabon kaya saboda shi. Aka zaunar da mu a sahun gaba, likitanmu da abokan aikina suna bayanmu. Da aka zo kan ɗalibarmu, sai aka haska hoton da ta ɗauka a bango: tabarmarmu, filo biyu, da singiletina mai huji a rataye a kan keken ɗinki. A ƙasa an rubuta cewa a nan iyayen masaukinta suke kwana, amma ba su taɓa daina murmushi ba. Ta yi bayani tana hawaye, jama'a suka tafa. Jami'inku, wanda ya san komai, ya fi kowa tafi. Maiɗakina ta sunkuyar da kai har aka tashi. Ni kuwa, ranka ya daɗe, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

4. Bayan taron, abokan aikina suka haɗa hannu suka sayo sabuwar katifa. Suka kawo ta da rana tsaka a saman mota, maƙwabta suna leƙowa. Babban ma'aikacin jinyarmu ya riƙe hannuna, ya ce me ya sa ban taɓa faɗa ba, ai an zama ɗaya. Na kasa mayarwa, na kasa bayani, sai godiya na yi. Tana nan jingine a falo cikin ledarta, kowa yana ratse ta kamar bai gani ba.

5. Labarin ya kai gidan surukaina. Yayan maiɗakina ya kira ni, ya tambaya cikin ladabi ko gadon da suka saya wa ƙanwarsu sayar da shi na yi. Tun daga ranar maiɗakina ba ta sake fita ba, ko barka ko jaje. Ta ce ba za ta iya haɗa ido da masu tausaya mata ba.

6. Yanzu hoton yana manne a ƙofar ofishinku da shafinku na intanet, ana jawo sababbin ɗalibai da shi. Na zo don in gan ka, aka ce kana taro. Na jira a kan benci, singiletina yana kallona daga jikin ƙofa.

Saboda haka ina roƙo cikin girmamawa:

A cire hoton daga duk inda yake. Jami'inku ya zo da kansa ya faɗa wa likitanmu da yayan maiɗakina abin da ya gani a watan Mayu, domin daga bakina ba zai yi nauyi ba. A sanar da ɗalibar gaskiya, amma a hankali, don tana da saurin kuka, kuma ba laifinta ba ne.

In kuwa ƙa'idarku ba ta yarda a cire shi ba, to ƙofata a buɗe take. A turo mai hoto ya ɗauki ɗakin da ta kwana, da gadon, da labulen da maiɗakina ta ɗinka mata. A manna shi kusa da wancan, a rubuta a ƙasa cewa wannan ma namu ne.

Ina jiran amsarka cikin ladabi da biyayya.

Naka mai girmama ka,
(sa hannu)
Baban masaukin Anti Doguwa