Tsofaffin Tumakin Nesta

Cardiff, 2 ga Satumba

Yaya Nesta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafa? Na karanta takardar sabon tallafin da gwamnati ta fitar wa manoman kan tudu. Za su riƙa biyan ki duk shekara in kika rage tumakin da ke hawa dutsenmu daga ɗari uku zuwa arba'in, don ciyawa da itatuwa su farfaɗo. Na cike komai, sa hannunki kawai ya rage. Satin da za a yi miki aikin gwiwa zan ɗauki hutu in zo in riƙe gida, in kai tumakin gwanjo. Don Allah ki sassauta taurin kan nan.

Ƙaninki,
Emrys

Cwm Du, 9 ga Satumba

Emrys ɗan birni,

Ina gaishe ka da matarka Lowri da yara. Ƙafa tana nan, sai gardama take yi da ni.

Na sa hannu, kuma ba da daɗin rai ba. Ulu yanzu ko ladan mai yi wa tumaki aski ba ya biya, ni kuma na daina kaiwa ƙololuwar dutsen. Amma ka tuna abin da muke da shi. Gida shida ke kiwo a dutsen nan, ba shinge ko ɗaya, kuma tunkiyarmu ba ta taɓa ƙetare rafi ta shiga gefen su maƙwabcinmu Huw ba. Uwa ke nuna wa 'yarta inda za ta tsaya, tun zamanin kakanmu. Mutanen ofis sun zo da taswira suna neman iyaka, na ce su hau su tambayi tumakin. Ɗayansu har ya rubuta.

Arba'in ɗin da za ka bari, ka zaɓa da hankali. Ai a gidan nan aka haife ka, ba sai na koya maka ba.

Yayarka,
Nesta

Cwm Du, 6 ga Oktoba

Yaya,

Sannu da jiki. Lowri ta ce har kin fara yi wa likitoci faɗa, na san sauƙi ya samu.

An yi gwanjo. Na bar miki 'yan bana arba'in, lafiyayyu, duk wanda ya gan su sai ya yaba. Tsofaffin masu wawulo wani manomin kwari, Mista Pritchard, ya kwashe su.

Sai dai da na sake su a dutse sun watse. Huw ya tsinto tara a bakin titi, shida suna can cikin garken maƙwabta, ɗaya mota ta buge. Na hau sau uku da kare, ko sauraro na ba ya yi. Me zan yi?

Naki,
Emrys

Asibiti, 10 ga Oktoba

Emrys,

Na gaishe ka don Mama ta koya mana gaisuwa.

Ka sayar da malaman ka bar mini 'yan makaranta! 'Yar da ta yi bazara ɗaya kacal a bayan uwarta me ta sani? Tsofaffin nan su ne gonar. Shekara ɗari da ashirin ka loda a mota ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da laifina, ya kamata in buɗe baki in faɗa maka. Na buga wa Pritchard waya, ya ce ciniki ya faɗa. Ka tattaro ƙananan ka rufe a filin bayan gida har in dawo.

Nesta

Cwm Du, 3 ga Nuwamba

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Ka kwantar da hankalinka.

Jiya da hantsi ina shan shayi na ji kuka a hanya. Tsofaffin tumakinmu ne goma sha ɗaya, Emrys, a jere, kaca-kaca da taɓo. Sun fasa shingen Pritchard sun tako mil sha huɗu. Ya zo yana huci, ya ce ba zai kashe hunturu yana bin tumakin da ba sa son sa ba, na mayar masa da kuɗinsa. Ka gyara takarda, zan fitar da ƙanana don kada mu wuce arba'in.

Na dogara sanduna na buɗe wa ƙananan ƙofa, suka bi bayan tsofaffin. Na tsaya ina kuka kamar yarinya, ina kiran su. Ko kallo na ba su yi ba, suka wuce dutse.

Ka zo Kirsimeti.

Yayarka,
Nesta