Wuyan Hannun Mai Ba Da Hannu

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta yi mana rajista a filin ƙwallon lambu, wato golf, ni da Maman yara. Wai tun da na yi ritaya daga ba da hannu a titi na koma kujerar falo. Na ce mata wasan da za ka bugi ƙwallo da sanda sannan ka bi ta a ƙafa kana nema, ai neman wahala ne. Amma na je.

Alhamis, 6 ga Maris

Koci ya ce matsalata wuyan hannu. Wai gwani yana lanƙwasa shi in ya ɗaga sanda, ya riƙe lanƙwasar har sandar ta kusa ƙwallo, sannan ya saki. Ni tun daga sama nake sakin nawa. "Baba, kamar kana cewa mota ta wuce." To shi me ya sani? Da wannan karkaɗawar na sha tsayar da tirela.

Ƙwallona ta faɗa tafki. Ta Maman yara ta tafi ɗoɗar. Sa'a ce.

Asabar, 15 ga Maris

Ba sa'a ba ce.

Lahadi, 16 ga Maris

Akwai gasar 'yan bibbiyu ƙarshen wata. Ƙanen Maman yara, Injiniya, ya zo, ya cinye mana nama, ya goge baki ya ce, "Yaya, ni da ke za mu shiga. Mijinki ya tsaya bakin tafki ya riƙa ba wa ƙwallaye hannu." Na taya su dariya. Ita ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ni nake so ta zaɓa, amma roƙo kam ba zan yi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ina gwaji da lema a tsakar gida na fasa tukunyar furenta. Ta leƙo ta taga: "Garaje kake yi, Baban yara. Ƙwallon nan ba ta da direba, ba inda za ta." Na ce koci ɗaya ya ishe ni.

Talata, 25 ga Maris

Tafki ya sake cinye mini ƙwallo. Na duba, Koci ya yi nisa, sai na ce wa Maman yara a hankali, "To nuna mini." Ta zagayo ta kama wuyan hannuna, muka ɗaga sandar tare. Na so saki, ta matse. "Jira. Jira. Yanzu." Ƙarar ma daban ce, ƙwas. Rabon da ta riƙe mini hannu a gaban mutane na manta. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar.

Na tambaye ta zancen Injiniya. Ta ce, "Shi da wa? Ai jira nake ka buɗe baki."

Asabar, 29 ga Maris

Ni da Maman yara mun zo kusan na ƙarshe a gasar, kuma laifina ne. Amma da muka zo bakin tafki na ji "jira" a kunnena alhali ba ta ce komai ba, ƙwallo ta haye. Injiniya ya cire hula, ɗan rainin hankali.

Ita ta tuƙo mu gida. A mahaɗar titi motoci suka cakuɗe, hannuna ya kama hanyar taga zai ba da umarni. Ta cafke wuyansa ba ta ko dube ni ba. Motocin suka warware da kansu. Na bar mata hannun har ƙofar gida.

Gwaji ne kawai, saboda gasa mai zuwa.