Inna da Agwagin Bakin Teku

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara, ya sanyin Nguru? Mu nan Alƙahira lafiya lau.

Albishirinki! Kin san tun aikin gwiwar nan Inna ta ƙi sakin sanda, likita ya yi magana har ya gaji. Ranar Juma'a na ce yalla, mu fita shan iska. Na kai ta bakin teku a Bur Sa'id, kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa. Da sanyi tsuntsaye kan cika wurin, masu kallonsu su jeru da madubin hangen nesa, tsit kamar a masallaci.

Inna na ganin agwagin ruwa sun sauka, sai ta ce, "Laa, ga ɓarayin shinkafarmu!" Ta yar da sanda, ta nufe su tana tafa hannu tana "Haa! Haa!" Duk suka tashi. Mutane suka yi ta hararar mu, ina ta ma'alish ina ba su haƙuri, amma wallahi kaina fasuwa yake yi. Da ƙafarta ta je, da ƙafarta ta dawo.

A ci gaba da sa mu a addu'a. Ki gaida Kawu da Gwaggo Lami. Sandar dai ni na riƙo ta har gida.

Ƙaninki,
Sadisu